Daga Ƙofar Mata Zuwa Dala, a Ƙafa

Sharaɗi ɗaya dattijon ya kafa mana: ba mota, ba adaidaita sahu. Ya ce duk wanda ya san ƙafarsa ba za ta kai shi Dala ba, ya faɗa tun yanzu a rabu lafiya. Mu huɗu ne: da ni, da ɗan ƙanwata wanda aka haifa a Kano amma a wajen ganuwa, da abokai biyu daga Maraɗi da suka zo sarin kaya a Kantin Kwari, suka ware safiya guda don su ga gari. Ƙarfe bakwai muka haɗu a Ƙofar Mata. Lokacin hunturu ne, hazo bai gama ɗagawa ba, masu koko da ƙosai na ta ciniki a bakin titi.

Jagoran namu tsohon malamin firamare ne, haifaffen wata unguwa a gindin Dala, ya ba wa sittin baya. Ba wani ofis ne ya haɗa mu da shi ba. Wani ne ya faɗa wa wani, wanin ya faɗa mini, kamar yadda akan sami irin waɗannan mutane a Kano. Baba muke ce masa. Ya tambaye ni ko na san birni, na ce shekara ashirin ina ratsa shi. Ya ce ta ina nake bi, na lissafa masa tituna. Sai ya ce, "To Malam, titunan nan jiya jiya aka tsaga su. Birnin yana bayansu. Mu je ka gani."

Kafin mu shiga sai ya sa muka juya muka fuskanci waje. Ga filin Idi, ga Fagge can gaba. Ya ce mu ɗauka mu fatake ne da muka yi wata da watanni a hanya daga Azbin, raƙuma sun gaji, gishirin Bilma da dabino suna ɗaure a kansu. A Fagge za mu sauke kaya, don nan ne zangon masu zuwa daga arewa. Idan rana ta faɗi sarkin ƙofa zai rufe ƙyaure, wanda yake ciki ya kwana ciki, wanda yake waje ya jira safiya. Ƙofar da muke tsaye a gabanta yau ginin zamani ce, an faɗaɗa ta don motoci, amma gurbin nan ne, kuma mutanen Maraɗi suka yi shiru suna kallo, don kakanninsu ta irin wannan hanya suka riƙa zuwa.

Ita ganuwa, wadda Kanawa suka fi kira badala, littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134. Muhammadu Rumfa ya ƙara mata faɗi a ƙarni na 15, aka sake ƙarawa a ƙarni na 17. Abin da Baba ya fi so mu gane shi ne ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Ta haɗa da gonaki da makiyaya da duwatsu biyu, Dala da Goron Dutse, yadda ko an yi wa gari zobe wata nawa mutane za su noma abin da za su ci a ciki. Kuma ginin ƙasa ne, kullum damina tana cinsa, saboda haka gyaransa aikin gayya ne da ake yi bayan ruwa ya ɗauke. Ranar da aka daina gayyar, ranar badala ta fara mutuwa. Abin da ya rage mata yanzu a wurare da yawa tudu ne mai kama da tsohon shuri, an yanki jikinsa an kafa shaguna.

Taku kaɗan daga ƙofar muka shiga marina. Hanci ne ya riga ido isa: wani wari mai tsami, kamar na jiƙon da ya kwana biyu, wanda bayan minti biyar mutum yake daina jinsa. Fili ne mai ramuka jere, bakin kowane an shafe shi ya yi santsi, wasu an kife su da murfin kaba. Shekarar 1498 ake dangantawa da kafuwar wurin, wato ƙarshen zamanin Rumfa. Wani marini yana zaune a bakin raminsa, hannuwansa sun rine har gwiwa, yana tsoma ƙyalle yana ɗagawa. Baba ya yi sallama, aka gaisa gaisuwar mutanen da suka san iyayen juna, sannan ya nemi izini mu matso.

Ya ce da ɗan ƙanwata, "Yaro, durƙusa nan ka zuba ido. Kada ka kalli ruwan, ƙyallen za ka kalla."

Aka ɗago shi daga rami yana kore shar, irin koren gansakuka. Muna kallo, ba a taɓa shi ba, ya fara juyewa, koren yana gudu, shuɗi yana bin bayansa, har ya rufe shi duka. Iska ce take yin wannan aiki. Sinadarin da ke cikin ganyen baba ba ya narkewa a ruwa yadda zai kama zare sai an jiƙa shi da toka an bar shi ya ruɓa na kwanaki, ana motsa shi da muciya har kumfa ta taso. A cikin ramin launin a kwance yake, sai ya haɗu da iska yake farkawa ya maƙale wa zaren. Shi ya sa ba a jefa tufa a tafi a bar ta. Tsomawa ake yi a ɗaga, a tsoma a ɗaga, mai son shuɗi mai haske a sallame shi da wuri, mai son wanda ya kusa baƙi ya jira awanni. Zanen da ke fitowa a jiki kuwa mata ne suke ƙulla shi da zare a cikin gidaje kafin a kawo, saboda haka rabin gwanintar marina tana hannun waɗanda ba a ganin su a wurin.

Ba a zubar da komai. Laka da ke kwanta a gindin rami, wato katsi, ana kwashe ta a busar a ƙone, ta koma cikin sabon haɗi, ko kuma magina su saye ta su shafe rufin soro da ita don kada ruwa ya shiga. Na so wannan bayani ƙwarai, domin ya nuna mini yadda sana'o'in birni suke riƙe da hannun juna: sharar marini ita ce simintin magini.

A gefe muka ji sautin bugu, tim-tim, tim-tim, mutum biyu suna amsa wa juna. Mabuga ne. Sun shimfiɗa rinanniyar tufa a kan gungume suna dukanta da manyan taɓare na itace har ta kwanta ta ɗauki sheƙi. Idan an barbaɗa garin shuni aka buga shi ya shige jikinta, sai ta fito tana walƙiya kamar bayan ƙwaro. Wannan shi ne turkuɗin da Buzaye suke naɗawa har launin ya zauna musu a fata, kuma garin Kura ya fi kowa suna a kansa. Ɗaya daga cikin baƙinmu ya ce kakarsa tana da irinsa a ƙasan adaka, ba ta fito da shi sai ranar biki. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, ya rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tarabulus da Tambutu. A ganinsa arzikin garin a kan saƙa da rini ya tsaya.

Yau ramukan da suke aiki ba su kai waɗanda suka mutu ba. Wasu sun cika da leda da ƙasa. Atamfa mai araha daga Sin ta cika kasuwa, rinin kanti ya fi sauri, kuma matashi yana ganin wahalar da ke cikin sana'ar bai ga kuɗin ba. Na sayi ƙyalle guda ban yi ciniki mai tsawo ba. Wanda ya ga awannin da aka ɓata a kansa ba ya iya taya shi da rabin kuɗi.

Daga nan muka yanka ta wajen Kasuwar Rimi muka faɗa lunguna. A nan ne na gane abin da Baba yake nufi. Ƙarar titi ta ɗauke kamar an rufe ƙofa. Hanya ta tsuke har mutum biyu ba sa jerawa, kwata tana bin tsakiya, kowace kwana da abin da yake ɓoye: makarantar allo a zaure, tela da kekensa, tsohuwa mai dafa wake da shinkafa, akuya a kan dakali. Baba bai wuce mutum ko ɗaya ba tare da sallama ba, kuma ya gargaɗe mu tun farko cewa kada wanda ya ɗaga waya ya ɗauki hoton kowa sai ya tambaya, kada kuma a leƙa bayan zaure. "Nan ba gidan kallo ba ne," in ji shi, "gidajen mutane ne."

Gidan kallon yana gaba, wato Gidan Makama. An ce a nan Rumfa ya zauna yana riƙe da sarautar Makama kafin ya hau gadon sarauta a 1463, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. Muna sa ƙafa a zauren farko sanyi ya sauko mana, ba fanka ba na'ura. Baba ya sa muka dafa bango mu ji kaurinsa. Tubali ne na hannu, mai siffar ƙwai, da aka busar a rana aka jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Kaurin nan ne yake shanye zafin rana da yini, ya sake shi da dare. Sannan ya ce mu ɗaga kai. Azara ce, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cin ta. Da yake tsawonta yana da iyaka, magina suka gano dabarar ɗaura ta gaba da gaba suna lanƙwasa ta daga bango zuwa bango, su lulluɓe da ƙasa, sai ta zama bakan gizo. Idan bakunan suka haɗu a tsakiya suka ɗauki rufin, shi ne ɗaurin guga. A waje kuma ga zankwaye a kusurwoyin soro kamar kunnuwan zomo, ga indararo da ke jefa ruwan sama nesa da bango, ga makuba da ake shafawa don ta kare jikin gini.

Ina ganin babu abin da ya cuci ginin Hausa kamar yadda muka yarda cewa ƙasa alamar talauci ce. Mutum zai rushe soron kakansa mai sanyi, ya kafa bulo da kwano, sannan ya kwana yana fifita yana jiran wuta. Ban ce kowa ya koma ginin ƙasa ba, don na san wahalar yaɓe duk shekara, na kuma san gidajen da damina ta rusa a kan masu su. Amma ilimin da ya ɗaga rufi irin wannan ba tare da ƙarfe ko ɗaya ba bai cancanci a bar shi ya bi tsofaffi kabari ba.

A cikin gidan akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, manya, an lulluɓe su da faifan ƙarfe. A gabansu Baba ya ba mu labarin 3 ga Fabrairu 1903, ranar da sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa ta Ƙofar Kabuga suka shiga. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da yawancin mayaƙansa. A kan hanyar dawowa aka yi karo a Kwatarkwashi inda Waziri Ahmadu ya rasu, Turawa suka naɗa Wambai Abbas, shi kuwa Alu aka kama shi aka kai shi Lakwaja, can ya ƙare kwanansa. Ɗan ƙanwata ya karanta wannan a makaranta, amma na ga ya miƙa hannu yana shafa ƙusoshin ƙyauren, ya daɗe bai ce komai ba.

Ƙofar Kudu ta gidan sarki ba ta da nisa. Muka tsaya a filin da dawaki suke sukuwa su yi jafi ranar Hawan Daushe, hawan Sallar da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Ba mu shiga fada ba. Daga waje Baba ya lissafa abubuwan da Tarihin Kano ya jingina wa Rumfa: gidan sarautar nan da har yau ake kira Gidan Rumfa, da Kasuwar Kurmi, da kakaki, da figini, da majalisar Tara ta Kano. A zamaninsa ne kuma Shehu Magili ya zo daga arewacin Afirka, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga mai mulki. Fulani sun karɓi gari a jihadin farkon ƙarni na 19, Ibrahim Dabo ya hau a 1819, zuriyarsa ce take sarauta har yau, amma gidan bai canja suna ba.

Babban masallacin Juma'a mun ratsa ta gabansa ne kawai. Ginin da ake gani yanzu na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne. Baba ya rage sauri a harabar, ya ce ranar 28 ga Nuwamba 2014 yana cikin sahu lokacin da aka kawo harin da ya kashe mutane fiye da ɗari. Ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, muka shafa, muka wuce.

Kurmi ba a shigarta da hankali biyu. Rumfuna ne a cushe, hanyoyi kamar saƙar gizo, rana tana shigowa ta tsakanin kwano a yanke a yanke. Ba don Baba ba da mun ɓace tun kwanar farko. Shi kuwa da hanci yake tafiya: nan warin fata, dukawa ke nan; nan ƙanshin kanumfari da citta da kimba; nan turaren wuta; nan 'yan littattafai da alluna da tawada; nan masu kayan doki, sirdi da linzami da likkafa da jalala. Wani baduku ya miƙo mini jar fata mai laushi kamar ƙyalle. Baba ya ce irin wannan fatar akuya ce ayari yake haurawa da ita hamada, ta isa Turai ta tashoshin arewacin Afirka, can su sa mata sunan Maroko, alhali a ƙasar Hausa aka jeme ta. Da ɗaya daga cikin baƙinmu ya fito da kuɗi zai biya wani abu, sai Baba ya tuna mana cewa ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce, kuma a wannan kasuwa an yi zamanin da ake zube wuri a ƙasa ana ƙirga shi biyar biyar.

Sai ya kai mu wani gefe ya tsaya. Ya ce a kasuwar nan an sayar da mutane. Maza da mata da yara da aka kamo a yaƙi ko a hari, a zaunar da su a jere, mai saye ya duba haƙori ya duba ido, wasu su ƙare a gandayen sarakuna, wasu a bi da su hamada. Bai sassauta murya ba, bai kuma yi sauri ya wuce maganar ba. A nan na ƙara ganin girmansa. Akwai masu zagayawa da baƙi da ba su san komai ba sai kirari, kowane sarki adali, kowane zamani na zinariya. Wanda yake son garinsa da gaske yana iya tsayawa a inda aka yi abin kunya ya ce a nan aka yi shi.

Bayan Kurmi muka tsallaka Jakara, wadda a da rafi ce da fadama da ta raba birni biyu, yanzu an ɗaure ta da kankare. Barth ya lura a zamaninsa cewa masu mulki sun fi yawa a kudancinta, 'yan kasuwa da masu sana'a a arewa. A wannan yanki ne Baba ya yi mana karatun da ya fi zauna mini a rai, kuma bai nuna mana gini ko ɗaya ba. Sunayen unguwanni kawai ya riƙa kira, wasu muna taka su, wasu yana nuna wajensu da hannu.

Ya ce, "Malam, Tudun Nufawa, su wane ne?" Na ce Nufawa. "Zangon Barebari fa?" Na ce mutanen Barno. "Agadasawa?" Mutanen Maraɗi suka amsa tare. Ayagi, ya ce, Yarabawa ne suka kafa ta. Alfindiki daga kalmar Larabci take, mai nufin masaukin fatake. Dandalin Turawa kuwa ba Turawan Ingila ake nufi ba: kafin su zo, Larabawan Tarabulus da Gadamas ake kira Turawa, kuma a nan suka zauna suka gina benaye, suka bar wa Kano alkaki da gurasa. Sharifai zuriyar da ke danganta kanta da Shehu Magili ce. Madabo cibiyar Wangarawa ce, malaman da suka zo daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, waɗanda Tarihin Kano ya ce su suka kawo wa fada Musulunci. Yola da Dambazau da Daneji gidajen Fulani ne. Agalawa, da suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja, asalinsu daga wajen Azbin yake, kuma daga cikinsu Alhassan Ɗantata ya fito.

Ya tsaya ya dube mu. "To ku faɗa mini, wane ne ba baƙo ba? Bagauda ma da aka fara lissafin sarakuna da shi, zuwa ya yi ya tarar da mutane."

Na sha jin ana taƙama da zama ɗan asalin cikin birni, ana yi wa na waje kallon wanda ya zo jiya. Ga shi unguwannin da ake taƙamar da su suna ɗauke da sunayen garuruwan da kakanni suka baro. Abin da Kano ta iya, tun kafin a haifi kakan kakanmu, shi ne ta karɓi Banufe da Babarbare da Balarabe da Bawangare, ta ba shi fili da mata da rumfa a kasuwa, jikansa ya tashi ba ya jin wani harshe sai Hausa, ya kuma rantse shi Bakano ne, kuma gaskiyarsa. Wannan ba a rubuce yake a jikin wani allo ba. A bakin mutane yake, kullum suna faɗa wa mai adaidaita sahu inda zai sauke su, ba tare da sun saurari abin da suke faɗa ba. Sai an taka a hankali, da wani a gaba yana kiran sunan yana jira ya shiga kunne.

Shi ya sa nake jin zafin yadda muka bar wannan yawo ga baƙi daga Turai. Yaro zai gama sakandare a Kano ya san kogunan wata nahiya, bai taɓa hawa Dala ba. Mutane irin su Baba kuma ba su da yawa, ba wanda yake biyan su albashi a kan abin da suka sani, ba wanda yake zama ya naɗi muryarsu. Ya nuna mana wani fili da aka cika da shaguna ya ce da kududdufi ne, daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina unguwar, shi ne kuma yake shanye ruwan damina. An cike shi an sayar, yanzu duk Agusta ruwa yana shiga ɗakuna. Wanda bai san abin da ramin yake yi ba shi ne yake ganin banza ne.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da muka iso gindin Dala. Muka sha ruwa, muka kama matakala. Baba yana hawa yana hutawa, ya ƙi a riƙe masa hannu. Dutsen ja ne, mai arzikin tama, kuma ita ce ta fara jawo mutane: masu binciken ƙasa sun sami alamun narkar da ƙarfe a nan tun wajen ƙarni na 7. Labarin baka ya ce maƙera ne daga Gaya suka zo neman tama suka zauna. A kan dutsen nan ne Tarihin Kano ya ce Barbushe yake zaune, mai kula da tsafin Tsumburbura, ba ya saukowa sai a ranakun idi ya gaya wa jama'a abin da zai faru.

A sama iska tana kaɗawa. Birni ya bazu ta ko'ina har inda hazo ya yanke shi, rufin kwano ya rinjayi na ƙasa, hasumiyoyin masallacin Juma'a sun fito sarai, Goron Dutse yana fuskantar mu daga yamma. Baba ya nuna wajen Ƙofar Mazugal ya ce a can aka riƙa tara buhunan gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, ana jera su har su yi tsini, mutane suka duba ba su ga abin da suka yi kama da shi ba sai wannan dutse, suka ce dalar gyaɗa. Sannan ya bi da yatsa ya nuna mana hanyar da muka biyo, daga Ƙofar Mata zuwa fada, daga fada zuwa Kurmi, daga Kurmi zuwa inda muke. Awa huɗu muka yi, amma daga nan sama tafin hannu ya isa ya rufe ta.

Na ba shi tukuici a cikin ambulan, ya sa a aljihu bai duba ba, ya sa mana albarka. Mutanen Maraɗi suka ce za su koma Kwari kafin azahar. Ɗan ƙanwata bai motsa ba, yana tsaye a bakin dutsen yana duban rufin gidaje. Can ya juyo ya ce, "Baba, kakata ta wajen uba 'yar Tudun Nufawa ce. Ina ne daga nan?"

Baba ya kama kafaɗarsa ya juya shi kaɗan. Ya ce, "Bi yatsana. Wane gida aka ce maka?"